Ra'ayi: Aljana, kaji da tsohuwar mota, fim ɗin Nijar na 1974 da ya kamata matasan Madarunfa su nema su kalla

Duk wanda ya saba leƙa shagon masu tura finafinai a waya a Madarunfa ko a Maraɗi ya san abin da ke ci a kasuwa: fassarar Indiya-Hausa, shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango, sai na faɗa daga Sin da Amurka. Idan matashi ya ce yana son na ban tsoro mai haɗe da barkwanci, hankalin mai shago Indiya zai tafi, wajen irin su Bhool Bhulaiyaa na 2007 ko Stree na 2018. Da wuya a samu wanda zai ambaci Cocorico Monsieur Poulet, alhali a Nijar aka yi shi, 'yan Nijar ne taurarinsa, kuma aljanar da ke cikinsa irin wadda kakanni ke ba da labarinta ce da dare.

Fim ɗin ya haura shekara 50 a duniya. Masu nazarin silima a Turai sun san shi, ana nuna shi a bukukuwa da jami'o'i, amma jikokin mutanen da aka yi shi a kansu ba su taɓa jin sunansa ba. Wannan asara ce, kuma asarar da za a iya gyarawa da awa ɗaya da rabi a tsakar gida. Ya cancanci kallo saboda yana ba da dariya ta gaske, yana da ɗan tsoron da ke sa yara matsowa kusa da manya, sannan yana faɗa wa ɗan Madarunfa na yau wani abu game da hanya, da neman na kai, da abin da ya ɓace masa.

Labarin a taƙaice

Sunan kansa abin dariya ne. Cocorico ita ce carar zakara a kunnen Bafaranshe, Monsieur Poulet kuwa laƙabin mai sayar da kaji ne. A Nijar, inda kalmar Monsieur ta koma "Mushe" a bakin Hausawa, sai sunan ya fito Mushe Kaza, kuma babu ɗan kasuwar kajin da zai so a kira shi da haka a gaban masu saye.

Lam ne mai wannan laƙabi. Yana da 'yar ƙaramar motar ɗaukar kaya ƙirar Citroën 2CV, wadda masu jin Faransanci ke kira "dawaki biyu". Ta tsufa, ta sha faci, an raɗa mata suna Patience, wato Haƙuri. Shi da karen motarsa Tallou suka shirya fita daga Yamai zuwa ƙauyuka su sayo kaji da araha, su dawo birni su sayar da riba. Sai ga Damouré, mutum mai zaƙin baki da son banza, ya liƙe musu. Lissafinsu tafiyar yini guda ce.

Daga nan komai ya fara karkacewa. Mota ta lalace, a gyara, ta sake lalacewa. Kajin da aka fito nema sun yi wuyar samu. Kogin Kwara ya tare musu hanya, kuma motar da ba ta da takarda ba ta son gada, domin a bakin gada ne masu tambayar takarda ke tsayawa. Dole suka ƙetare ruwa har sau uku, kowane karo da dabarar da ta fi ta baya hauka. Kan duk wannan kuma ga wata aljana da ta sa su gaba a daji, tana jifansu da sammu ɗaya bayan ɗaya.

Ba daidai ba ne a fallasa yadda mota ke ƙetare kogi babu gada, domin a nan ne mai kallo zai riƙe ciki. Abin da ya kamata a sani kawai shi ne, a 1974 babu dabarar kwamfuta. Motar gaske ce, kogin gaske ne, kuma mutanen da ake gani suna fama da ita da gaske suke fama.

Su wa suka yi shi

A jikin fim ɗin an rubuta cewa wani mai suna Dalarou ne ya ba da umarni. Babu mutum mai wannan suna. An yanko shi ne daga farkon sunayen mutum uku: Damouré Zika, Lam Ibrahim Dia da Jean Rouch. Daga baya aka ƙara na Tallou Mouzourane, ya zama Dalarouta.

Rouch Bafaranshe ne, an haife shi a Paris a 1917. Ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi da gadoji a zamanin mulkin mallaka, a nan ya haɗu da Damouré, ɗan gidan Sorkawa masunta na bakin kogi. Abotarsu ta kai shekara 60 da 'yan kai. Damouré ya zama ma'aikacin lafiya sananne a Yamai, ya rasu a 2009. Lam kuwa Bafulatani ne, kuma shi ne ya kawo shawarar a yi fim a kan cinikin kaji, sana'ar da ya sani ciki da waje. Da farko shirin gaskiya ya nufa, sai abokan suka ga ya fi daɗi a mayar da shi ƙagaggen labari.

Rouch ya sha bayyana cewa wannan na cikin finafinan da ya fi jin daɗin yi. A cewarsa motar Lam ba ta da birki, ba ta da fitila, ba ta da takardu, kuma yawan mutuwarta a hanya shi ke sauya musu labari kullum. Abu biyu ne kawai ke tsayar da aiki: ko zaren fim ya ƙare, ko dariya ta ci ƙarfin mai riƙe da kyamara har hoto ya fara rawa.

Wannan ne sirrin fim ɗin. Babu rubutacciyar magana da aka haddace. An san inda za a dosa, sai a kunna kyamara 'yar ƙarama ta kafaɗa, kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Wanda ya tashi da kallon marigayi Rabilu Musa Ibro, ko wasannin Yazi Dogo da jama'arsa a gidan talabijin na Nijar, zai gane salon nan take. Irin gardamar da ake yi a tasha ce tsakanin direba da karen mota, ko tsakanin mai kaya da dillali, inda kowa ke da gaskiya a bakinsa kuma babu mai saurarar wani.

Tsoron da aka sani a gida

Gaskiya ce, wanda ke neman jini da yankan kai da ƙarar da ke firgita mutum daga kujera ba zai same su a nan ba. Barkwancin ya rinjayi tsoron nesa ba kusa ba. Amma tsoron da ke ciki na gida ne, shi ya sa yake kama mutum ta inda bai zata ba.

Finafinan ban tsoro na Amurka sun ginu a kan tsohon gida mai bene da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na kudancin Najeriya, irin su Living in Bondage na 1992, sun ginu a kan ƙungiyar asiri da kuɗin jini. Tsoron Bahaushe da maƙwabtansa na Sahel a wani wurin yake. Yana gindin tsamiya da kuka, yana bakin rijiya da tafki, yana mararrabar hanya da rana tsaka ko da almuru. Shi ne baƙuwar macen da aka gamu da ita inda bai kamata a ga mace ita kaɗai ba, aka yi mata magana, daga baya aka fara tambayar juna ko wa ya lura da ƙafafunta.

Ƙasar Maraɗi ba baƙuwar wannan ba ce. Sunan Doguwa sananne ne a kwarin gulbi tun kafin zuwan Turawa, kuma masu bincike irin su Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas sun shafe shekaru suna rubutu a kan al'adun yankin da bori. Ita kanta Madarunfa gari ne da labarin ɓoye ya kewaye shi. Tafkinta da dajinta da ƙaburburan waliyyai 99 da ke gefen ruwan suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO a 2006 domin neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Yaron da ya girma a bakin wannan tafki ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa matafiya uku za su ruɗe don sun gamu da wata mata a daji.

Haka kuma aljanar hanya ba ta mutu da zuwan kwalta ba. Wata mai bincike daga Jami'ar Tulane ta Amurka, Adeline Masquelier, wadda ta yi aiki a Dogon Dutsi, ta wallafa nazari a 2002 a kan labaran da direbobi da matafiya ke bayarwa game da babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi ta wuce Damagaram. A cikin labaran akwai iskokin da ke fitowa a siffar kyawawan mata suna jawo haɗari. Ma'anar da ta fitar ita ce, hanya tana kawo arziki kuma tana cin rai, shi ya sa mutane ke son ta suna kuma tsoron ta. Cocorico Monsieur Poulet ya riga ya faɗi wannan da dariya kusan shekara 30 kafin nan.

Abin da ya sa haɗin ke aiki shi ne, fim ɗin bai tsaya yi wa mai kallo wa'azi a kan ko aljanar gaskiya ce ko ƙarya ba. Matafiyan sun ɗauke ta kamar yadda suka ɗauki fashewar taya da ɗan sanda: matsala ce a cikin matsalolin hanya, a nemi dabara a wuce. Haka tatsuniya take. Dodo na da ban tsoro, Gizo na da ban dariya, kuma a labari guda suke zaune ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

Hanya jiya, hanya yau

Ga ɗan Madarunfa na yau, akwai wani abu a fim ɗin da waɗanda suka yi shi ba su nufa ba. Mutum uku sun shiga daji da mota da jarin kasuwanci, tafiya ta yi tsawo, sun yada zango inda dare ya same su, kuma babban abin da suke tsoro shi ne aljana da mai tambayar takarda.

Yau fa? Mazauna Gabi, Safo, Sarkin Yamma da Ɗan Isa sun san amsar. Shekaru ke nan ƙauyukan bakin iyaka da kewayen dajin Babban Rafi ke fama da 'yan bindiga masu satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi. Matashin da ke ɗaure kejin kaji da zabi a bayan babur ya nufi kasuwar Maraɗi ko ta Jibiya ba Doguwa yake tunani ba idan rana ta yi sanyi. Da za a ba shi zaɓi, da aljanar Lam zai ɗauka, domin ita aƙalla ba ta neman miliyoyi a waya.

Ga kuma iyaka. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe ta ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, har da yanke wutar lantarki, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A duk waɗannan watanni, ƙananan 'yan kasuwa tsakanin Ɗan Isa da Magama sun koyi abin da Lam ya koya a bakin kogi: idan hanyar hukuma ta toshe, talaka ba ya komawa gida, wata hanyar yake nema, ko da ta fi tsada ta fi haɗari. Wanda ya taɓa bin barauniyar hanya da buhun masara zai yi dariyar ƙetare kogin nan da wani irin fahimta da ɗan Paris ba zai taɓa samu ba.

Shi ma zamanin da aka yi fim ɗin ba na jin daɗi ba ne. Shekarun babban fari ne na farkon 1970, wanda ya kashe dabbobi ya tarwatsa ƙauyuka, kuma a Afrilun 1974 ne Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. A irin wannan lokaci ne waɗannan abokai suka zaɓi su yi fim ɗin dariya a kan talakan da ke neman abin kai wa baki. Ba su raina wahalar ba, sun dai ƙi yarda ta hana su dariya.

'Yan ci-rani ma suna da rabonsu. Duk wanda ya bar gida da niyyar wata uku ya wayi gari ya shekara bakwai a Legas, Abidjan, Tamanrasset, Tripoli ko Brussels ya san ma'anar tafiyar yini guda da ta ƙi ƙarewa. Ya san abokin tafiya irin Damouré, wanda bai sa ko dala a jari ba amma ya fi kowa yawan shawara. Waɗannan mutanen dai su ne suka yi Jaguar, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 aka fitar a 1967, labarin samari uku da suka tafi ci-rani daga Nijar zuwa Accra da Kumasi. Su ne kuma suka yi Petit à petit, inda Damouré ya je Paris yana auna Turawa yana duba haƙoransu kamar yadda masu bincikensu ke yi wa 'yan Afirka. Wanda Mushe Kaza ya yi masa daɗi, waɗannan biyun na jiransa.

Ƙorafin da za a yi, da amsarsa

Na farko kuma mafi nauyi: ai fim ɗin Bafaranshe ne. Wannan magana ba ta banza ba ce, musamman a Nijar ta yau. A Oktoban 2024 hukumomi suka cire sunan Jean Rouch daga cibiyar al'adu ta Yamai wadda a da ake gudanarwa tare da Faransa, suka sa mata sunan Moustapha Alassane. Tun kafin nan ma Rouch yana da masu suka a cikin manyan 'yan fim na Afirka. A 1965 Ousmane Sembène na Senegal ya faɗa masa ido da ido cewa shi da ire-irensa suna kallon 'yan Afirka kamar masu nazarin ƙwari. Fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955, a kan 'yan Hauka a Accra, ya ɓata wa ɗaliban Afirka da yawa rai a Paris. Oumarou Ganda, wanda ya fito a Moi, un noir na 1958, shi ma bai gamsu da yadda aka ba da labarinsa ba, ya ɗauki kyamara da kansa ya yi Cabascabo.

Duk wannan gaskiya ne, kuma girmama Moustapha Alassane abu ne da ya dace tun tuni. Amma wanda ya yar da Cocorico Monsieur Poulet don fushi da Faransa, kayan wa ya yar? Shawarar ta Lam ce, motar tasa ce, sana'ar tasa ce. Maganganun daga bakin Damouré da Lam da Tallou suka fito, babu wanda ya rubuta musu. Kogin na Nijar ne, aljanar ta Nijar ce. Biyu cikin ukun sunan Dalarou 'yan ƙasa ne. Idan 'yancin kai na nufin karɓo abin da ke naka, to wannan fim na cikin abin da za a karɓo. Barin sa a hannun jami'o'in Turai kyauta ce aka yi musu, ba horo ba.

Kuma tarihin mutanen nan a sarƙe yake fiye da yadda allon suna ke nunawa. Daren 18 ga Fabrairun 2004 da Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni yana da shekara 86, Moustapha Alassane da Damouré Zika suna cikin motar tare da shi, suka tsira. A Yamai aka binne shi.

Ƙorafi na biyu na addini ne: fim ne mai aljana da sammu da neman magani. Iyaye na da haƙƙin tantance abin da ke shiga gidansu, babu mai ja da wannan. Sai dai fim ɗin bai kira kowa zuwa ga tsafi ba. Abin da yake yi wa dariya shi ne kwaɗayi da tsoro da wautar ɗan Adam. Gidan da ake kallon fatalwar Indiya tana rawa a gidan sarauta cikin fassarar Hausa ba shi da hujjar rufe ƙofa ga wannan. Babba ya fara kallo shi kaɗai, sannan ya yanke hukunci a kan yara.

Na uku: tsoho ne, yana tafiya a hankali, kuma yawancin maganar da Faransanci ake yi. Wannan ma haka ne. Idon da ya saba da bidiyon daƙiƙa 30 a TikTok zai yi ƙaiƙayi a minti goma na farko. Amma Faransancin ba na littafi ba ne, na tasha da kasuwa ne, wanda duk wanda ya ɗan zauna a aji a Nijar zai bi. Ga 'yan Katsina da Kano da ba su ji, rabin dariyar ba ta buƙatar fassara. Mutum uku na tura mota a cikin yashi suna zargin juna, wannan yare ne da kowa ke ji.

Darasi ga masu yin fim

Kannywood ta faro ne da Turmin Danya a 1990, kuma tun daga lokacin soyayya da rikicin gidan aure suka mamaye ta. Barkwanci yana da kasuwarsa, na aljanu ma akan yi jefi-jefi, amma sau da yawa sai a jingina komai a kan dabarar kwamfuta mai araha: ido ya yi ja, hayaƙi ya tashi, mutum ya ɓace. Sakamakon shi ne mai kallo ya yi dariya a inda aka so ya ji tsoro.

Dalarou sun nuna wata hanya. Ba su da kuɗi, ba su da ɗakin ɗaukar hoto. Abin da suke da shi sana'ar da suka sani, wurin da suka sani, da abokan da suka saba da bakin juna. Matasan Maraɗi da ke yin gajerun wasanni a waya suna ɗorawa a YouTube da Facebook suna da kayan aikin da ya fi na Rouch sauƙi, domin su zaren fim ba ya ƙare musu. Suna da tafkin Madarunfa da masuntansa, suna da 'yan kabu-kabu, suna da dillalan awaki, suna da labaran da tsofaffi ke bayarwa waɗanda ba a taɓa sa su a fim ba. Abin da ya rage shi ne su yarda cewa labarin ƙofar gida ya isa fim.

Nijar ta taɓa zama a sahun gaba a wannan fage. Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar Étalon de Yennenga ta bikin FESPACO a Wagadugu a 1972, da Le Wazzou polygame. Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin ɗan ci-ranin da ya dawo wa abokansa da tsarabar kayan kaboyi, ya kuma yi Toula a kan aljanin ruwa da fari. Matashin da bai san waɗannan ba zai ɗauka cewa fim abu ne da ake shigo da shi daga waje kamar shinkafa.

A nan ne hukuma da 'yan kasuwa ke da aiki. Masu fassarar finafinan Indiya a Kano sun tabbatar da cewa Hausawa za su kalli kowane irin labari muddin an sa masa harshensu. Babu dalilin da zai hana ma'aikatar al'adu ta Nijar, ko gidan talabijin na ƙasa, ko ita cibiyar Moustapha Alassane, su nemi izinin masu haƙƙin mallaka a juya waɗannan finafinai zuwa Hausa da Zabarmanci. Canza suna a bango aikin yini guda ne. Mayar wa jama'a da finafinan shi ne aikin da zai nuna an yi da gaske.

Yadda za a kalle shi

Kamfanin Éditions Montparnasse na Faransa ya fitar da fim ɗin a faifan DVD. 'Yan Nijar mazauna Faransa da Beljiyam su ne suka fi kusa da shi, domin ɗakunan karatu na unguwanni a can kan ba da aron faifan fim, kuma ana iya saye ta intanet. Wanda zai zo gida hutu ko bikin Salla, faifai ɗaya ba zai ƙara wa jakarsa nauyi ba, kuma tsaraba ce da za ta daɗe fiye da turare. Wajen nema a rubuta sunan yadda yake, Cocorico Monsieur Poulet, a haɗa da sunan Jean Rouch ko Damouré Zika.

Ba fim ne na kallo a waya da abin saƙala kunne ba. Dariyarsa ta taro ce. Ya fi daɗi a tsakar gida bayan sallar isha'i, ko a fada ana dafa shayi, a kan talabijin ko kwamfuta, tare da mutum ɗaya mai jin Faransanci da zai riƙa jefa fassara. Idan akwai dattijo a gidan da ya yi zamani da irin waɗannan motoci, a ba shi wuri a gaba. Zai gane tufafin, zai gane yadda ake gyaran mota da waya da igiya, kuma da wuya a tashi bai ba da nasa labarin abin da ya taɓa gamuwa da shi a hanyar Tasawa ko ta Gidan Rumji ba. Wannan hirar ta bayan fim rabin ribar kallon ce.

Masu shagunan tura finafinai su ma su sani, abin da jama'a ke tambaya shi suke nemowa. Idan mutum goma suka tambayi Mushe Kaza a mako guda, na goma sha ɗaya zai tarar an fara cigiyarsa. Yamai na da nisan fiye da kilomita 600 daga Madarunfa, amma mutanen da ke cikin wannan mota ba baƙi ba ne a kowace tasha ta ƙasar Hausa: mai ɗan jari, da yaronsa, da ɗan cin banza, suna tura wata tsohuwar mota mai suna Haƙuri zuwa kasuwa.